Filon da Ke Bayan Motar Yahuza

Duk Bahaushen da ya ɗan daɗe a unguwar Wangsa Maju ta Kuala Lumpur ya san farar Wirar Yahuza. Tsohuwar mota ce, ta girmi wasu daga cikin ɗaliban da ke durƙusawa suna leƙa ƙarƙashinta, amma wallahi ko ɗigon datti ba za ka gani a jikinta ba. Abin da ke ba mutane dariya shi ne kujerar baya. Ga lambar tsere manne a ƙofa, ga hular kwano a gefen direba, amma a baya akwai wani filo mai shuɗiyar riga da zanen furanni, irin yadin da ake yankowa a Kantin Kwari. In ka tambaye shi na mene ne, sai ya sosa ƙeya ya ce na baƙi ne. Bai yi ƙarya ba, sai dai ko rabin zancen bai faɗa ba.

Yahuza ɗan direba ne. Ubansa, marigayi Malam Hambali, ya shekara talatin yana jan fijo tsakanin Kano da Katsina, kuma duk tashar an san shi da abu ɗaya: ba ya barin shokazobar motarsa ta mutu. Taya za ta iya siɗewa, fitila ɗaya za ta iya makancewa, amma ƙafar mota kam, a'a. Lokacin hutun makaranta Yahuza kan zauna kusa da shi a gaba, sai ya ga tsohon yana ta ɗaga ido yana duba madubi. Ba motar da ke biye yake dubawa ba, fasinja yake ƙirgawa. "In muka wuce Bichi ban ga mutum uku suna gyangyaɗi ba," in ji shi, "to ko ni ko motar, ɗayanmu ba shi da lafiya." Da wannan Yahuza ya tashi, har yau in yana ba da labarin sai idonsa ya kawo ruwa. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne ya kai shi.

Karatu ne ya kawo shi Kuala Lumpur, digiri na biyu a injiniyanci, yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Ya gama, ya sami aiki a wani kamfanin kwamfuta a Bukit Jalil, ya je gida ya auro Najiba, suka kama falat a hawa na tara. Mutum ne mai sanyin hali, ga zumunci. Shi ne mai ɗauko baƙi daga filin jirgi, shi ne mai raka sabon ɗalibi neman ɗaki a Setapak, shi ake kira in motar wani ta ƙi tashi a harabar masallaci. Shekara bakwai suka yi da Najiba babu haihuwa, ɓari biyu ta yi, sai a ta takwas Allah ya kawo cikin da ya zauna.

Shi kuwa tsere, Muntasir ne ya ja shi. Abokin aikinsa ne, tuzuru, Yahuza ya ba shi kusan shekara goma sha biyu, ga baki kamar rediyo. Wata Lahadi ya kai shi filin tsere na Sepang, ranar da ake buɗe wa kowa ya shiga da motarsa ta gida ya gwada. Yahuza ya zaga sau shida ya fito bakinsa ya ƙi rufuwa. Shi ke nan, ya kamu. Sau huɗu a shekara yake zuwa, kuma Najiba ba ta taɓa hana shi ba. Takan ce gara ya yi haukarsa inda aka kewaye da katanga, da hula a kansa, da ya yi ta a titi.

Matsalar ita ce duk kwanar da ya shiga sai motar ta kwanta gefe ɗaya, ta yi lilo, kafin ta miƙe yaran sun wuce shi. Su Muntasir suka sa masa suna Baba Katifa. Mutum mai shekara talatin da tara, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma sunan nan ya tsaya masa a rai. Suka ce maganin abin koyiloba. Wato shokazoba ce da sifirin ɗinta a haɗe, jikinta da zare irin na noti, in ka murɗa mota ta sauka ƙasa ko ta ɗaga, a kanta kuma akwai ɗan maɓalli da ake juyawa don ƙara mata tauri ko laushi. Wata uku Yahuza ya yi yana karatun koyiloba. A shagon mamak, wato masu shayin garin, shayinsa har ya huce yana duba waya, a gida abinci har ya sandare.

"Injiniya," in ji Najiba wata rana, tana zaune ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, "da sunan yaron nan ka nema haka, ai da yanzu mun huta."

Ya yi dariya bai ɗago ba.

Ranar wata Asabar da hantsi ya kai motar garejin Ankul Teoh a Setapak. Ankul Teoh tsohon bakanike ne, Basine, gajere, tabarau rataye a wuya, ba ya son surutu. Muntasir da wasu abokansa biyu suna can tun kafin ya iso, sun zo ganin yadda Baba Katifa zai zama mutum. Tsohon ya zagaya motar, ya buɗe ƙofofi ya leƙa, ya danna kowace kusurwa da hannu ya saki. Sannan ya ajiye sifirin iri biyu a kan benci.

"Wannan kilo shida ne a gaba, huɗu a baya," ya ce. "Wancan sha biyu a gaba, goma a baya. Lambar tana nufin nauyin da za ka ɗora kafin sifirin ya lotsa da milimita ɗaya. Na farkon da roba a samansa, tana shanye duka. Zai kai ka ofis, zai kai ka Sepang, ba za ka zo na ɗaya ba amma za ka ji daɗi. Na biyun ƙarfe ne a kan ƙarfe. A filin tsere yana da kyau ƙwarai. A titin Setapak kuwa, in ka taka kwalta mai tsaga haƙoranka za su sani. Sau nawa kake zuwa fili a shekara?"

"Yana zuwa sosai," Muntasir ya yi caraf ya amsa masa.

Tsohon bai ko kalle shi ba. "Wa ke hawa motar nan? Akwai iyali?"

To, nan ne wajen. Yahuza ya ji idon samarin nan uku a ƙeyarsa, ya ji ɗaya har ya fara ƙunshe dariya. Sai bakinsa ya ce, "Ni kaɗai ne."

Tir! Mutum matarsa na gida da cikin wata tara, katin awonta na nan a gaban motar, surukarsa kuma ta riga ta ɗaure kaya a Kano za ta sauka ran Talata, amma wai shi kaɗai ne. Ankul Teoh ya dube shi ta saman tabarau, sannan ya ce, "Boleh," wato to, za a yi. Ya ƙara da cewa, "Amma ka ji da kyau, maɓallin nan na sama shokazoba kawai yake sassautawa. Sifirin yana nan yadda yake. Kada ka ce ban gaya maka ba, lah." Yahuza ya yi kunnen uwar shegu. Ya ce kuma a sauke motar sosai, har sai yatsa ɗaya kawai ke shiga tsakanin taya da jiki.

Washegari Lahadi a Sepang, gaskiya motar ta yi abin da aka saye ta domin shi. Ta shiga kwana a miƙe, ba lilo, ba kwanciya. Ya rage sakan huɗu cur daga lokacinsa na da, ya wuce Muntasir sau biyu. Samari suka yi ta dukan kafaɗarsa, aka ce daga yau babu sauran Baba Katifa. A hanyar gida bayansa ya ɗan riƙe, ya ce gajiya ce.

Hajiya Turai, mahaifiyar Najiba, zuwanta ba na yawon buɗe ido ba ne. Najiba ce 'yarta ta fari, wadda ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce "yarinyar nan". Shekara bakwai tana yi wa 'ya'yan dangi da na maƙwabta wankan jego a unguwarsu, tana dama musu kunun kanwa, tana dawowa gida ta yi shiru. Da cikin nan ya zauna, ita da ba ta taɓa wuce Saudiyya ba ta ce ko a ina ƙasar take za ta je, hannunta ne zai yi wa yarinyar nan wanka. Najiba ma abin da take ƙirga wa kwana ke nan. Tana tsoron haihuwar, amma in ta tuna kwana arba'in ɗin da uwarta za ta yi a kanta sai ta yi murmushi ita kaɗai.

Ran Talata da safe Najiba ta ce, "Injiniya, ko babbar motar haya za ka kira? Ka san Hajiya da kaya. Kuma bayanta bai gama warwarewa ba tun faɗuwar da ta yi bara."

"Haba! Ina da mota a ce na ɗauko Hajiya a motar haya? Me za a ce a gida?"

"To ka bi a hankali."

Najiba ba ta hau motar ba tun da aka taɓa ta, daga hawa na tara kuma duk mota ɗaya ce. Ya sauka, ya buɗe gaba da baya, ya juya maɓallan nan huɗu har ƙarshen laushi, ya kaɗe hannu, wai shi ya gama dabara. Injiniya fa! Ya san sarai cewa sifirin mai tauri in aka sakar masa shokazoba tsalle zai yi ta yi babu mai riƙe shi. Ya sani a takarda, amma a ranar ya zaɓi ya manta.

Jirgi ya sauka bayan azahar. Hajiya Turai ta fito a hankali cikin babban mayafi, ma'aikaci na tura mata jakunkuna huɗu. Yahuza ya zube har ƙasa a tsakiyar jama'a, kansa a sunkuye.

"Hajiya, barka da sauka. Kun zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya mai jiki? Allah ya yi albarka."

Ta faɗa tana kallon gefe, shi ma yana kallon takalminsa, kamar yadda suka saba tun ranar ɗaurin aure. Ya loda kaya: gero, jar kanwa, daddawa, kuka, yajin jego, man shanu, turaren wuta. Uku suka shiga but, ɗaya ya ɗora a kujerar gaba. Motar ta ƙara zama ƙasa har yatsan nan ɗaya ma ya daina shiga. Hajiya ta sunkuya da ƙyar ta zauna a baya. Da ya shiga ya ɗaga kai, sai idonsa ya faɗa cikin nata a madubi. Nan da nan ya kai hannu ya karkatar da madubin ya koma kallon rufin mota. Ladabi ne, ba wanda zai ce ba ladabi ba ne. Ɗan mutunci ba ya tafiyar awa guda yana haɗa ido da surukarsa.

Hanyar filin jirgi shimfiɗaɗɗiya ce, da farko abin bai yi muni ba, sai ɗan tsalle-tsalle. Da suka hau gadojin da ke shiga gari, inda kowace 'yar tazara akwai mahaɗin ƙarfe, sai motar ta fara. Gaf! Ta yi sama ta dawo. Gaf! Taya na gurzar jikin mota, jakunkuna na buga murfin but. Shi yana da sitiyari a hannu, ya san lokacin da dukan zai zo, yana ɗaure jiki. Ita kuwa tana zaune daidai kan sifirin mai kilo goma.

"Hajiya, ba matsala dai ko?" ya tambaya, idonsa a titi.

"Alhamdulillahi."

Ya ƙara tambaya wajen tolget, ta ƙara cewa alhamdulillahi. Me kuke so ta ce? Ta ce wa mijin 'yarta, ranar da ta sauka a garinsu, motarka tana kashe ni? Ba za ta faɗa ba ko da za ta mutu, shi ma ya san ba za ta faɗa ba. Yana jin ƙaramin sautin carbi, daga baya ya daina ji, sai ya ce a ransa barci ya ɗauke ta. Har wani daɗi ya ji, ya tuna ubansa.

Daga babban titi zuwa ƙofar gidansu tudun rage gudu goma sha ɗaya ne. Ya bi su a karkace, a giya ɗaya, kowanne sai salansa ta yi ƙara. A na ƙarshe, wanda ke bakin get, motar ta hau ta zauna daram a kan cikinta, taya na juyawa a banza. Maigadi ya taso, masu mota a baya suka fara hon. Dole a rage nauyi. Yahuza ya fito yana gumi, ya sauke jakunkuna a gefen titi, sannan ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa.

"Hajiya, don Allah a yi haƙuri, ko za a ɗan sauko..."

A nan ya ga fuskarta, karon farko tun filin jirgi. Ta yi fari fat, gumi ya jiƙe mayafin har kafaɗa, ta cije leɓe. Hannunta biyu na maƙale da mariƙin da ke saman ƙofa, carbin ya faɗi ƙasa. Ta yunƙura za ta fito, sai wata 'yar ƙara ta kuɓuce mata, ta koma.

"Zaman jirgin nan ne," ta ce, tana kallon bayan kujera. "Jirgin nan ne, Malam. Ba komai."

Da kujerar maigadi aka kai ta lif, shi da maigadin suna ɗauke da ita, maƙwabta na leƙe. Yahuza ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Najiba ta buɗe ƙofa da murnarta, murnar ta koma salati. Washegari a asibiti likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayanta ne ya goce ya danne jijiya. Kwanciya a kan abu mai tauri, gashin ƙashi sau biyu a mako, ba sunkuyo, ba ɗaukar abin da ya fi kofin shayi, har mako shida. Likita ya tambayi abin da ya faru, Yahuza ne mai fassara. Hajiya ta ce jirgi ne, shi kuma da bakinsa ya juya wa likita cewa jirgi ne.

Da yamma Najiba ta tsaya a baranda ta daɗe tana kallon motar a ƙasa, ta lafe kamar kaza a kan ƙwai.

"Me ka yi wa motar nan?"

"Ɗan gyara ne."

"Yaushe?"

"Ran Asabar."

Ta juya ta shige ɗaki, kuma da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Kwana biyar bayan nan, da la'asar, naƙuda ta tashi. Ya zabura ya ɗauki makulli. Tana dafe da bango, tana numfashi sama-sama, ta ɗaga masa wayarta ya gani: ta riga ta kira motar haya, saura minti uku ta iso. Ya tsaya da makullin a hannu. A kujerar gaba ta motar wani ya raka matarsa haihuwar da suka jira shekara bakwai.

Ta sauka lafiya, namiji, aka sa masa Zaid. Aka dawo gida, aka zo maganar wanka, ga Hajiya Turai a kwance a kan tabarma a ɗakin baƙi, ko juyi sai an taimaka mata. Matan 'yan Najeriya da ke unguwar kowacce da yaranta da makarantarta, sai leƙowa. Daga ƙarshe wata dattijuwa Bamalaya da ke hawa na huɗu, wadda ta saba kula da masu jego irin nasu, ita ta riƙa zuwa. Mace ce mai kirki, amma wankansu daban, ɗaurin cikinsu daban, ba ta jin Hausa, Hajiya ba ta jin nata. Yahuza ne ya koma mai tafasa ruwa. Shi ke zuwa shagon Indiyawa ya samo ganyen darbejiya, shi ke tsayawa a kicin yana dama kunun kanwa, Hajiya na ba da umarni ta bayan ƙofa ba tare da ta kira sunansa ba.

"A ce wa mai damun ya rage wuta. A ce masa kanwar ta yi yawa, ina jin ƙanshinta daga nan."

Wata safiya ya zo wucewa da bokiti, sai ya ji Najiba na kuka a banɗaki, ƙasa-ƙasa don kada a ji. Ya waiga, ƙofar ɗakin baƙi a buɗe take kaɗan. Hajiya na kwance tana kallon silin, ita ma tana ji, hawaye na gangara mata cikin kunne. Taku biyar ne tsakaninsu. Ta ƙetaro rabin duniya da kanwarta da gerinta, ga 'yarta can a hannun baƙuwa. Ya ajiye bokitin ya shiga kicin ya rufe ƙofa.

Ranar suna gidan ya cika. Duk wanda ya shiga gaida Hajiya sai ta ce masa jirgi ne, kujerun nan nasu ba su da kirki. Da aka kira Kano a waya, haka ta gaya wa dangi, har ta ƙara da cewa Malam yana ta ɗawainiya, Allah ya saka masa. Muntasir ya zo da katon ɗin lemo, ya ja shi gefe yana tambayar ko zai je Sepang wata mai zuwa. Yahuza ya karɓi katon ɗin ya wuce kicin. Ba laifin yaron ba ne, ba shi aka tambaya wa ke hawa motar ba.

Bayan suna da kwana biyu ya koma garejin Setapak, shi kaɗai. Ya tsaya yana murza makulli.

"Ankul, ranar nan ban faɗi gaskiya ba. Ina da mata. Ina da ɗa, kwanansa tara. Da surukata."

Ankul Teoh ya shiga ciki, ya miƙa hannu saman kanta, ya sauko da sifirin nan masu laushi, a ɗaure da igiya. An manna musu takarda, a jikinta an rubuta lambar motar Yahuza.

"Na ga katin awo a gaban motar," ya ce. "Na ga silifas ɗin mace a ƙarƙashin kujera. Na ce zai dawo. Wa ya ji ciwo?"

Yahuza ya faɗa masa. Tsohon ya girgiza kai, ya ɗauko jak. Aka sa masu laushin, aka mayar da roba a sama, aka ɗaga motar har yatsa uku na shiga, aka tsayar da maɓallan a tsakiya. Ya bi tudun nan goma sha ɗaya a hanyar gida, ko ɗaya bai taɓa ba. Ya gaya wa Najiba komai a daren, har da abin da ya ce a gareji. Ta daɗe tana jijjiga Zaid kafin ta ce, "Kai kaɗai." Sau ɗaya ta maimaita, ba ta ƙara ba. Hajiya kuwa, sau uku yana zuwa bakin ƙofarta ya durƙusa da niyyar faɗa, sau uku tana riga shi da zancen jirgi, sai ya tashi.

Ta fara takawa ana saura kwana shida arba'in. Wanka ɗaya tak ta yi wa 'yarta, na ranar ƙarshe, tana zaune a kan kujera, Najiba ce ma ke miƙo mata ganyen. Kwana uku bayan nan bizarta ta zo ƙarewa.

Ranar tafiya Yahuza ya wanke mota tun da safe, ya kawo ta har bakin lif. Najiba ta ce ita da jariri za su raka ta. Lif ya buɗe, Hajiya Turai ta fito tana dogara sanda, ɗaya hannun kuma ta rungume wani abu a ƙarƙashin mayafi. Da ta zo shiga mota sai ta zaro shi. Filo ne, a cikin shuɗiyar rigar da ta kawo musu tsaraba. Ta jingina shi a kujera, ta daddanna, ta gyara masa zama, sannan ta juya baya a hankali ta zauna.

Yahuza ya ƙura wa filon ido. Ba jirgi aka yi wa filon nan ba, jirgi yana can gaba. Ashe tun a kan gadar farko ta sani. Kwana arba'in da 'yan kai tana kwance tana sani, tana rufa masa asiri a gaban likita, da baƙi, da danginta. Ya durƙusa a bakin ƙofar motar.

"Hajiya, an gyara motar. Ni ne na... laifina ne. A yafe mini."

Ba ta kalle shi ba. Ta miƙa hannu ta taɓa kumatun Zaid da ke cinyar uwarsa.

"Kai maigidana, gaya wa babanka ni ban ce komai ba. Ce masa ya tashi, kada jirgi ya bar ni."

Ya tashi ya shiga. Ya kai hannu ga madubi, ya ɗan tsaya, sannan ya daidaita shi yadda ubansa ke yi. Motar ta bi tudun farko kamar ba ta taka komai ba. Ta hau gadoji, mahaɗan ƙarfen nan suka riƙa wucewa a ƙasa, sai ɗan sauti kawai. Kafin tolget Zaid ya yi barci. Can gaba kan Najiba ya langaɓe a jikin gilashi. Biyu ke nan, saura ɗaya. Yahuza ya rage gudu, ya koma layin gefe, manyan motoci na wuce shi, yana satar kallon madubi yana roƙon Allah a ransa.

Hajiya Turai na zaune a miƙe, ga filo a bayanta, idonta biyu. Hannunta na riƙe da mariƙin saman ƙofa, ta damƙe shi har jijiyoyin sun fito, tana jiran dukan. Ba ta sake shi ba sai da ya kashe mota a filin jirgi.

Da ya dawo ya ga filon a kujera, ta bar shi ko ta manta, bai sani ba. Najiba ta ce ya hau da shi sama, ya ce a bar shi a nan. Har yanzu yana zuwa Sepang, sau biyu a shekara, sakan huɗun nan sun koma inda suka fito, sunan Baba Katifa ma ya dawo. Ka'idar fili ce a fitar da duk abin da ba a ɗaure ba kafin a shiga, don haka yakan ciro filon ya ajiye a kan jakarsa, in an tashi ya kaɗe shi ya mayar. Zaid ya shekara biyu, an yi ta roƙon Hajiya ta sake zuwa. Kullum amsarta ɗaya ce, ita da jirgi kuma sai dai a gaida su.